Baƙo, Dillali Da Gidan Haya

Da an gama girbi, motocin da ke shigowa Kano ta hanyar Katsina da ta Haɗeja da ta Zariya sai su cika da mutanenmu. Waɗansu 'yan cin rani ne, da faɗuwar ruwa za su koma gida. Waɗansu kuwa sun taho ke nan, da mata da 'ya'ya da tukwane, ko don gona ta ƙi, ko don 'yan bindiga sun hana su nomanta. Da waɗannan muke so mu yi magana a makon nan, domin kowannensu, kafin ya sami rumfa a kasuwa, tilas ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. A nan ne kuwa ake fara cutarsa.

A da ba haka abin yake ba. Falke in ya iso Kano yana da maigidansa. Shi zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa. Fagge kanta zangon ayari ce tun asali. Ba mu ce iyayen gidan nan waliyyai ne ba, amma dai suna tsoron ɓacin suna, domin baƙon da aka cuta bana ba ya komowa baɗi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sai aka yi wa garin rabon gado: Nasarawa da Bompai nasu, Sabon Gari ta mutanen Kudu, Tudun Wada ta baƙi 'yan Arewa, birni na En'e. Mulkin Turawa ya ƙare tun 1960, amma rabon nan bai ƙare ba. Inda suka zauna, nan ne har yau ake da faffaɗan titi da inuwar itatuwa. Talaka kuwa sai bayan gari, filin awon igiya, inda mai gona ya yayyanka gonarsa ya sayar, bai bar hanyar mota ba, bai bar ta ruwa ba.

To, ɗan'uwa, tun da can za ka nufa, ka fara tambayar kanka abu guda: ina abincina yake? Mai harkar hatsi a Dawanau ya nemi ɗaki wajen Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa. Mai tumatir da albasa a 'Yankaba ya duba Kawaji da Dakata. Mai lemo da ayaba a 'Yan Lemo ya duba Na'ibawa da Unguwa Uku. Wanda abincinsa ke Kantin Kwari ko Singa, Fagge ce a bakin ƙofarsa, sai dai kuɗinta ba na sabon zuwa ba ne. Kada araha ta ruɗe ka ka kama ɗaki a Ɗorayi alhali rumfarka tana 'Yankaba, domin kullum sai ka keta gari daga yamma zuwa gabas. An hana acaɓa a Kano tun watan Janairu na 2013, kuma tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin A Daidaita Sahu ya zama hayar gida ta biyu. Ku yi lissafi da kanku. A ce kana biyan naira 500 zuwa, 500 dawowa, kwana 26 a wata. Naira 26,000 ke nan a wata, 312,000 a shekara. Wannan kuɗi mai gida bai karɓa ba, kai ma ba ka ci ba, titi ya cinye. Sau da yawa ɗakin da ya fi tsada amma kana isa kasuwa da ƙafa, shi ne mai araha.

Sa'an nan ruwa. Dillali zai nuna maka famfo a tsakar gida. Kada ka dube shi, ka murɗa shi. Akwai unguwanni da yawa a Kano da bututun Tamburawa da na Challawa ba su taɓa kaiwa ba, waɗansu kuma bututun ya kai amma ruwan bai biyo shi ba. Ka tare mai garuwa a lungu ka tambaye shi nawa jarka, kuma nawa take komawa a watan bazara. Shi ba ya da dalilin yi maka ƙarya. Haka wuta: mita ɗaya ce ta gidan duka? Wa ke raba kuɗin? Akwai tsohon bashi a kanta? Mutum nawa ne ke shiga ban ɗaki guda, kuma in masai ya cika, wa zai biya masu kwasa? Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke kai matan gidan haya gaban mai unguwa.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, baƙo da rani yake neman gida, lokacin da kowane lungu ya bushe, kowane kududdufi ya zama filin ƙwallon yara. Ka dubi gindin katanga. In ka ga zane kamar an ja layi, ko siminti sabo daga ƙasa zuwa gwiwa, to nan ruwa ya tsaya bara. Ka dubi silin ko akwai tabo. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, saboda haka ka nemi wanda ya tashi daga ɗakin, ko mai shayi na bakin layi, ka ji dalilin tashinsa. 'Yan kasuwa ba sa bukatar a tuna musu daminar 2022, sa'ad da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata atamfa da shadda masu yawa, aka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyar ruwa. In haka ta sami kasuwar masu kuɗi, ina ga lungun awon igiya? Wanda kuma zai zauna kusa da masana'antun Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ya bi kwata da hancinsa tukuna, domin ruwan jimar fata ba abin da za a bar yara su yi wasa a ciki ba ne. Ka koma unguwar bayan sallar isha'i, ka ga su wa ke zaune a bakin lungu, ko mutane suna fita da waya a hannu ko kuwa kowa ya ɓoye tasa.

Yanzu ga dillali. Ba mu ƙi dillanci ba, sana'a ce ta halal, kuma akwai masu amana a cikinsu. Amma a ce a karɓi kuɗin ganin gida tun ba a ga gidan ba, sa'an nan la'ada kashi 10 cikin 100, sa'an nan kuɗin takarda, sa'an nan a ce sai hayar shekara cif, wani ma shekara biyu, wannan fa ba dillanci ba ne, fashi ne da rana tsaka. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Wata-wata ake biyan lebura, mai tebur kuma kullum-kullum yake samu. Ta wace hanya za su tara na shekara, in ba su sayar da akuya ko gonar gado ba?

Kada ka miƙa ko kwabo sai ka ga mai gidan da idonka, ko wakilinsa wanda mai unguwa ya sani. An sha ba mutum biyu hayar ɗaki ɗaya, an sha ba da hayar gidan magada wanda shari'arsa ke gaban alƙali. A rubuta takarda: nawa ka biya, daga wane wata zuwa wane wata, gyaran rufi a kan wa yake. Shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi rasit, ka adana shi kamar yadda kake adana takardar gona. In an ce maka ai mu nan amana muke yi, ka ce Alƙur'ani ma ya yi umarni a rubuta bashi. Kuma ka sani, mai gida ba shi da ikon ya cire maka ƙofa, ko ya kware rufi, ko ya watsar maka da kaya waje. Sai ya ba ka wa'adi, in ba ku daidaita ba kotu ce ke fitar da ɗan haya, ba 'yan daba ba.

Mahukunta kuma kada su ce ba abin da za a iya yi. Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun Gwamna ne bisa amana, domin amfanin jama'a duka. An gina rukunan gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma ku gaya mana, ɗan dako nawa ne ya kwana a ciki? Jihar Ikko ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ba mai hayar shekara wa'adin wata shida in babu wata yarjejeniya. Abin da muke nema daga Majalisar Dokokin Jihar Kano shi ne doka mai haƙori: a bar talaka ya biya wata-wata ko wata uku-uku, a ƙayyade la'ada, a rubuta sunan kowane dillali a ƙaramar hukumarsa yadda za a san inda za a same shi, a kuma yanka filaye masu hanya da magudanar ruwa a kuɗin da mai tebur zai iya.

Kafin nan, duk ɗan jam'iyya da aka ƙara wa haya bana, ko aka kore shi ba wa'adi, ya kai rasit ɗinsa wurin sakataren reshensa. Wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa, da sunan unguwa da abin da ya biya bara da abin da aka nema bana. Da takardun nan za mu tafi Majalisa.