FILIN UWARGIDA: Burodin Alkama da Zuma

 

Wata 'yar'uwa ta aiko mini da wasiƙa a kan zancen burodi. 'Ya'yanta huɗu ne suke zuwa makaranta, kowace safiya kuwa sai ta sayi burodi. Ta ce kuɗin yana cin aljihun maigida, ga shi kuma burodin ba ya riƙe ciki, kafin a tashi tara yara sun fara hamma. Tambayarta ita ce, ko mace za ta iya gasa burodi mai kyau a gida, irin wanda ake yankawa falle falle a sa wani abu a tsakiya, alhali ba ta da obin? Amsata ita ce, ƙwarai kuwa. Kayan aikin ba su da wuyar samu. Abu guda ne ba a sayarwa a kasuwa, shi ne haƙuri, shi ne kuwa burodi ya fi bukata.

Alkama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kaka da kakanni ake noman ta da rani a fadamu, ana yin alkaki da funkaso da taliya da ita. Har yanzu ana shuka ta da hunturu a wuraren ban ruwa, kamar Kadawa ta jihar Kano da kwarin Haɗeja, gama ita mai son sanyin dare ce. Amma fulawar da gidajen burodi suke aiki da ita, yawancinta daga alkamar ƙasashen waje take. Manya a cikinmu za su tuna da shekarar 1987, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada, bai kuwa sauƙaƙa ba sai da aka janye dokar a 1992. Matar da ta iya sarrafa alkamar gida da hannunta, ba kowace iskar kasuwa ce take kada ta ba.

Me ya sa za mu haɗa gari iri biyu?

Idan aka niƙa alkama gaba ɗayanta, garin yana tare da dusa da kuma idon ƙwayar, wato inda tsiro yake fitowa. A nan ne yawancin amfaninta yake. Dusar tana taimakon ciki, tana hana taurin bayan gida, tana kuma sa yaro ya daɗe bai ji yunwa ba. Farar fulawa kuwa an cire mata waɗannan biyu. Amma akwai matsala guda. Abin da yake sa burodi ya tashi ya yi laushi shi ne danƙon da yake fitowa daga gari sa'ad da aka jiƙa shi aka murza. Dusa tana da kaifi, takan yanyanka danƙon nan. Saboda haka burodin garin alkama zalla yakan fito da nauyi, ya riƙa marmashewa a ƙarƙashin wuƙa. Idan aka raba, rabi garin alkama rabi fulawa, sai a sami ƙoshin wannan da laushin wancan.

Zuma kuma ba don zaƙi kaɗai muke sa ta ba. Tana riƙe laima, don haka burodin ba ya bushewa da wuri. Tana kuma rufe ɗan ɗacin dusa, wanda yara ba su so. Ki saya a wurin wanda kika amince da shi, gama akwai masu gauraya ta da narkakken sukari. In zumarki ta daskare a kwalba, ba lalacewa ta yi ba, ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, za ta narke.

Shirin garin

Ki sayi alkama mudu ɗaya, ki tsince tsakuwa, ki wanke, ki shanya ta bushe sarai. In kin kai injin niƙa, ki roƙi mai inji ya fara wuce da ɗan hatsi kaɗan domin ya share injin, in ba haka ba burodinki zai fito da yajin barkonon wadda ta riga ki. A niƙa da laushi ƙwarai. Ki tankaɗe da rariya mai manyan idanu, ki fid da tsakin kawai, ki bar dusa mai laushi a ciki. Kada ki niƙa da yawa ki ajiye, domin idon alkama yana da mai, garin kuwa yakan canza ƙanshi in ya daɗe a cikin zafi.

Abubuwan da za a tanada domin burodi biyu

Ki yi awo da kofi guda tun daga fari har ƙarshe, mai cin rubu'in lita.

Garin alkama, kofi 3
Farar fulawa, kofi 3 da rabi
Ruwan ɗumi, kofi 2 da kwata
Zuma, babban cokali 5
Man gyaɗa, babban cokali 4
Busasshen yisti, babban cokali 1
Gishiri, ƙaramin cokali 2
Madarar gari, babban cokali 3, in akwai
Gwangwanin gashin burodi guda 2

Yadda ake yi

1. Ki ɗebi rabin kofi daga cikin ruwan ɗumin, ki sa zuma cokali ɗaya, ki barbaɗa yistin, ki ajiye minti 10. Ruwan ya zama kamar na wankan jariri, wanda in kin ɗiga a bayan hannu ba za ki janye ba. In ya yi kumfa, yistin yana da rai. In bai yi ba, ki zubar ki nemi wani, kada ki yi asarar garinki.

2. A cikin babban kwano ki zuba sauran ruwan, da sauran zumar, da mai, da madara, da garin alkama duka. Ki dama, ki rufe, ki bar shi minti 20. Wannan jiƙon yana sa dusa ta sha ruwa ta yi laushi, kaifinta ya ragu.

3. Ki zuba ruwan yistin da gishiri, ki juya. Sai ki riƙa ƙara fulawa kaɗan kaɗan har kwaɓin ya haɗu ya fara barin jikin kwano. Gari ya bambanta da gari, mai yiwuwa ne ba za ki ƙare fulawar ba. Da hunturu kuwa, da yake gari ya bushe ƙwarai, wataƙila ki ƙara ruwa cokali biyu.

4. Ki juye a kan tebur mai tsabta ko babban faranti, ki murza. Ki tura da gindin tafin hannu, ki ninko, ki juya, ki sake turawa. Ki yi haka minti 12 zuwa 15, da agogo. Da fari zai manne miki, kada ki tsorata ki yi ta zuba gari, gama yawan gari shi ne yake taurara burodi. Ki shafa ɗan mai a hannu. In ya murzu za ki ga ya yi sumul, in kin danna da yatsa ya komo.

5. Ki shafa mai a kwano, ki sa kwaɓin, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Ki bar shi ya tashi har ya ninka girmansa. Da bazara minti 45 kan isa. Da hunturu yakan kai awa biyu, sai ki ajiye shi kusa da murhu, amma ba a kan wuta ba.

6. Ki danne shi iska ta fita, ki raba biyu. Ki baje kowane rabi da hannu, fāɗinsa daidai da tsawon gwangwani, ki naɗe shi tamau kamar tabarma, ki matse bakin. In naɗin ya yi sako-sako, za ki tarar da rami a tsakiyar burodi. Ki sa a gwangwanin da kika shafa wa mai, bakin naɗin yana ƙasa.

7. Ki sake rufewa, ya tashi har ya ɗara bakin gwangwani da kamar kaurin yatsa. Ki danna a hankali. In gurbin yatsa ya cika sannu sannu, lokacin gashi ya yi.

Gashi

Mai obin ta hura shi tun da wuri, zafinsa ya kai awo 180, ta gasa minti 35 zuwa 40.

Wadda ba ta da shi kuwa, ta nemi babbar tukunyar ƙarfe mai murfi. A zuba yashi mai tsabta a ciki, zurfin yatsa uku, a ɗora a kan gawayi, a rufe minti 20 ya yi zafi. A jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, a ɗora gwangwanin a bisansu, kada ya taɓa jikin tukunya. A rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin sama ma ta gasu. Kada a buɗe kafin minti 25, gama iska mai sanyi takan sa burodi ya faɗa. Ki lura da kyau, zuma tana sa ɓawo ya yi ja da sauri tun ciki bai nuna ba. In kin ga sama ta yi ja da wuri, ki rage garwashin murfi, ki bar wutar ƙasa ta ci gaba a hankali.

In kin fitar, ki juye shi daga gwangwani, ki ƙwanƙwasa gindinsa. In ya yi ƙara kamar ganga, ya nuna. In ya yi shiru, ki mayar minti biyar.

Ga gwaji na ƙarshe. Ƙanshi ya cika gida, yara sun kewaye ki, maigida ma ya fara leƙowa. Kada ki yanka. Cikin burodi yana ƙarasa nuna ne sa'ad da yake hucewa, in an yanka da zafi sai ya cure ya zama kamar tuwo. Ki ɗora shi a inda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, ya yi awa biyu. Sa'an nan ki kwantar da shi a gefe, ki yanka da wuƙa mai haƙora, kina ja kamar mai zarto, ba dannawa ba.

Abin da za a sa a tsakiya

Domin guzurin makaranta, dafaffen ƙwai da aka farfasa da ɗan gishiri da albasa yana da kyau. Haka nan tunkuzar gyaɗa da yankakkiyar ayaba, ko dambun nama, ko kifin gwangwani da tumatir. 'Yan'uwanmu na ƙasar Filato suna da piya, ita ma tana maye gurbin bota. In za a sa tumatir ko latas, a wanke su sosai, a tsane ruwan, kada burodi ya jiƙe kafin a tashi tara.

Gargaɗi biyu. Na fari, kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko abin da aka yi da ita, har da wannan burodi. Zuma takan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda ba ta cutar manya, amma tana iya raunana jariri har numfashi ya gagare shi, zafin gashi kuwa ba lalle ya kashe ta ba. Na biyu, burodin gida ba shi da maganin hana lalacewa. Da damina ko lokacin zafi a cinye shi cikin kwana biyu ko uku. Kada a ɗaure shi a leda sai ya huce sarai. In kin ga fumfuna ko kaɗan, ki zubar da shi duka, gama saiwarta ta riga ta shiga inda ido ba ya gani.

Abin da na koya a bakin murhu

Burodina na fari, na yi shi ne ran wata Asabar ina saurin zuwa koyon waƙa a majami'a. Na ga kamar ruwan ɗumi zai ɓata mini lokaci, sai na zuba mai zafi, na kashe yistin ban sani ba. Na kuma rage murza, na rage jira. Abin da ya fito daga tukunya, da an jera goma da an gina katanga. Maigida ya ci yanki guda don kada raina ya ɓaci, kaji suka ƙarasa sauran da ƙyar.

A cikin Matiyu 13:33 Ubangiji Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da aikin mace a ɗakin girki, wadda ta cuɗa ɗan yisti cikin gari mai yawa, ya yi ta aiki har ya game kwaɓin duka. Duk wadda ta taɓa gasa burodi ta san abin da ake nufi. Cokali ɗaya ne a cikin kofi shida da rabi. Bayan kin rufe kwano, ba ki ganin kome, ba ki jin kome, ba kuwa abin da hannunki zai ƙara. Naki shi ne ki sa yisti mai rai, ki murza da aminci, ki ajiye a wuri mai ɗumi.

Ina tunanin uwayen da suke rubuto mini da hawaye a kan yaron da ya daina zuwa sujada, ko mijin da har yanzu bai ba da gaskiya ba. Sau da yawa mukan yi musu irin abin da na yi wa yistina, mu zuba tafasasshen ruwa don muna sauri, wato faɗa da gori da tsawa. Zafi mai yawa kashewa yake yi, sanyi kuma yana hana tashi. Ɗumi ake bukata. Maganar Allah da kika koya wa ɗanki tun yana Makarantar Lahadi ba ta mutu ba don ba ki ga alamarta yau ba. Ki ci gaba da addu'a, ki riƙe gidanki da ƙauna, ki bar wa Ubangiji lokacin tashi.

Ina ba shugabannin Zumuntar Mata shawara, ku haɗa kuɗi ku sayi gwangwanaye da alkama, ku gwada wannan tare ran taro. Kafin kwaɓi ya tashi kun gama nazarin Littafi Mai Tsarki. In ya gasu, ku tuna da gwauraye da marasa lafiya na cikin ikkilisiya, a kai musu tun yana sabo. Wadda nata ya ƙi, ta rubuto mini ta faɗi yadda ya fito, za mu nemi dalilin tare.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.

Taku cikin Almasihu,
Uwargida