Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Jiki na Birnin Gwari

Ya ku iyayena, yayyena da ƙannena masu sana'ar dilka da halawa da gyaran amare, na cikin gari da na Kuyello da Dogon Dawa da Randagi. Tun da aka sake buɗe kasuwar kara a ƙarshen 2024 gari ya fara numfasawa, amare sun dawo hannunku. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Magana ce nake tafe da ita a kan 'yar robar nan marar suna da ake ba amarya ta tafi da ita gida, wadda ake kira haɗi. An ɗauki man shafawa, an matse tif biyu ko uku daga kemis a ciki, an juya, an ce sati biyu za ta ga canji. Za ta gani kuwa, ba ƙarya kuka yi mata ba. Sai dai abin da ke cikin tif ɗin nan magani ne, kuma magani daban, man kwalliya daban, ko da a kanta ɗaya aka jera su.

Man kwalliya aikinsa a saman fata yake: ya tausasa ta, ya riƙe mata danshi lokacin hunturu, ya yi ƙamshi. Man kaɗen da ake samu daga kaɗanyar dajinmu yana wannan aikin, kuma mace za ta shekara arba'in tana shafa shi lafiya lau. Shi kuwa magani, don wata cuta aka yi shi, yana da awo, yana da ranar dainawa. Ku juya kwalin Funbact-A ko Skineal ku karanta. Kowanne abu uku ne a ciki: maganin makero, maganin ƙwayoyin cuta, da sitiroyid. Wannan na ukun shi ne ke kawo hasken da ake yabo. Likita kan ba da shi na kwanaki, a kan ɗan wuri. Idan aka mulke jiki da shi wata da watanni, fata takan yi siriri har a ga koren jijiya, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata, ƙuraje su feso, makeron da aka danne ya bazu. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, ya iya tayar da hawan jini da ciwon suga. In aiki ya kama mace wajen haihuwa, irin wannan fatar ba ta riƙe ɗinki da kyau.

Wasu abubuwa biyu da ake zubawa a haɗin su ne hydroquinone da zaiba. Na farkon, in an daɗe ana shafawa, yakan bar baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya goge. Zaiba kuwa ita ce dai wadda masu wankin zinare ke kama gwal da ita. Tana lalata ƙoda, tana kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Dokar NAFDAC ta hana sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma hana hydroquinone ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 hukumar ta ce bilicin ya zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa. Haɗin da aka dama a ɗaki, wa ya auna shi?

Kada kuma rubutun kwalba ya ruɗe ku. A ce likitocin fata sun gwada wani mai, wannan bai mayar da shi magani ba. Sau da yawa mai ne mai kyau, marar turare, mai sauƙi ga fata, kuɗinsa ne kawai ya fi.

Na san uzurinku. Likitan fata sai an je Kaduna ko Shika, hanyar Buruku da ake bi zuwa Kaduna kuma kowa ya san abin da ta zama a shekarun baya. Shi ya sa mace ke kawo muku ƙyasbi da ƙazuwa tun kafin ta nufi asibiti. To, wannan amana ce. Ƙazuwa ba ta jin dilka, sai an yi wa duk gidan magani. Farin tabon da aka taɓa mai shi bai ji ba, kada ku goge shi da kurkum, yana iya zama farkon kuturta, maganinta kuma kyauta ne. Ku ce mata ta je babban asibiti a duba.

Uwar amarya za ta matsa, ta ce dangin ango masu son fara ne. Ku yi wa amarya dilka da lalle da turaren jiki, ku faɗa wa uwar gaskiya cewa haɗi ba ya cikin aikinku. Wadda kuma ta daɗe tana shafa haɗin, kada ta yanke rana ɗaya, fatar za ta yi bore. Ma'aikacin lafiya ne zai nuna mata yadda za ta janye a hankali. Don Allah, yayyena, daga yau duk tif ɗin da aka saya a kemis, a bar shi ga mai ciwon da aka rubuta wa.

Wassalam, 'yar'uwarku.