Mu Daina Malale Tsakar Gida Da Siminti

Jama'a, duk wanda ya taɓa yin damina a Nima ko Mamobi ya san yadda babbar kwatar Nima ke cika har ta tumbatsa kafin ta kai kogin Odaw. Ba mu manta da ranar 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka ci rayuka fiye da 150. Mukan ɗora laifi a kan shara da hukuma, kuma da gaskiyarmu. Amma akwai namu laifin a cikin gida.

Da zarar ɗan kasuwarmu ya samu riba a Aflao ko Paga ko Bawku, sai ya aiko da kuɗi a malale tsakar gida da siminti, ko a shimfiɗa tayil mai sheƙi. Ƙasa ba ta shan ko ɗigo, duk ruwan sai ya kwarara lungu, ya faɗa ɗakin maƙwabci. Shi kuwa tayil, idan ruwan alwala ya zuba a kai, tsohuwa ta taka, sai dai a nemi mai ɗori.

Shawararmu ita ce a koma ga dutse. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: da dutsen Shai Hills aka gina katangar da ke tare igiyar ruwa a tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, ga ta nan teku na dukanta har yau.

Sai dai a iya saye. A zaɓi mai kaushi, kaurinsa santimita 3 zuwa 5, in mota za ta hau a ƙara. A zuba masa ruwa a gaban mai sayarwa, a taka da silifa; in ya yi santsi, a bar masa abinsa. Wanda ke ɓarewa falle-falle shi ma ba ya kai damina nawa. Mu da muka iya ƙwanƙwasa tukunya kafin mu biya, me zai hana mu ƙwanƙwasa dutse?

Wajen shimfiɗawa kuwa nan ake cutar wanda ba ya gari. A daddaɓe ƙasa, a zuba tsakuwa kamar santimita 10, a bi da yashi, sannan a jera dutsen, a cike tsakaninsa da ƙananan tsakuwa domin ruwa ya nitse. A karkata daɓen kamar santimita 2 a kowace mita, daga bango zuwa kwata. Birkilan da ya ce zai ɗora dutse a kan ƙasa zalla don ya rage maka kuɗi, kai za ka sake biyan wani baɗi.

Gaskiya dutse ya fi siminti tsada a ranar saye, kuma ciyawa kan fito a tsakani, sai yara sun riƙa cirewa. Amma ranar da bututun famfo ya fashe, ɗaga dutse huɗu za a yi a gyara a mayar, ba sai an kawo guduma ba.