Wasan Yaƙi Bisa Taswira: Ina Za A Ajiye Jiragen Ungulu?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da manyan mutane ke yi a kan tebur. Sukan shimfiɗa taswira, su jera ƴan katuna a matsayin rundunoni, sa'an nan su juya tarihi, watau su ce da abu kaza bai auku ba, da yaya yaƙin zai ƙare? Wani mashahurin wasan tebur mai kama da wannan shi ne Twilight: 2000, wanda ya fito a 1984, ya ƙaddara cewa Yaƙin Duniya na Uku ya ɓarke, sojan Amurka sun maƙale a Folan. To, wurin da masu tsara irin wannan wasa suka fi yin tuntuɓe shi ne jirgi mai saukar ungulu.

Kuskuren farko shi ne a ƙirga jirage, a manta da mai su. A Amurka an daɗe ana jayayya tsakanin mayaƙan ƙasa da na sama, sai a 1966 aka sasanta: mayaƙan ƙasa suka miƙa jiragensu na dakon kaya masu fiffike, aka sakar musu jiragen ungulu. A Ingila kuwa manyan jiragen ɗaukar soja irin su Chinook suna hannun mayaƙan sama, saboda haka a da kwamandan ƙasa roƙa yake yi, ba umurni yake bayarwa ba. Wanda ya juya tarihi bai warware wannan ba, ya bar ƴan wasa cikin duhu, don a fagen fama wanda jirgi ke ƙarƙashinsa shi ake fara ɗauka.

Na biyu shi ne zaton cewa runduna mai jirage sai ta tashi gaba ɗaya kamar tsuntsayen jan-baki. Ina! Runduna ta ɗaya ta mayaƙan doki ta Amurka, wadda aka mai da ta ta jirage a 1965, tana da jirage fiye da 400, amma ba ta iya kwasar sojanta na ƙasa duka a tashi ɗaya. Ba a raba wa kowace bataliya nata ba. An tara su ne wuri guda, bataliya ta 227 da ta 229 masu ƙananan Huey, da ta 228 mai Chinook, ana ba da aronsu bisa bukata. Ran 14 ga Nuwamba 1965, a kwarin Ia Drang na Biyetnam, jirage 16 kaɗai aka ba Laftanar-Kanar Hal Moore don kwasar mutanensa wajen 450. Sai jigila aka yi ta yi, sawu bayan sawu, har faɗa ya kaure alhali sauran suna can baya suna jiran jirgi. Wasan da ya sauke bataliya a jifa guda na ɗan lido, ƙarya ya koya wa mai yinsa.

Sai maganar mai da makanikai, wadda ba ta da daɗin ji, amma ita ce ƙashin bayan al'amarin. A nan masu Twilight: 2000 sun yi hankali, don a duniyar da suka ƙaga man fetur ya yi ƙaranci har motoci da barasa ake tuƙa su, jirage kuwa galibi sun zama kayan kallo.

Mai neman inda zai juya tarihi, ga yaƙin tsibiran Fokland. Ran 25 ga Mayu 1982 makamin Ajantina ya sami jirgin ruwan Atlantic Conveyor, Chinook uku daga cikin huɗu da ya ɗauko suka salwanta. Dole sojan Ingila suka ratsa tsibirin a ƙafa da kaya a baya, cikin sanyi da laka. A mai da waɗannan jirage uku kan taswira, a ba su mai da masu gyara, sai a ga ko Stanley za ta kai 14 ga Yuni ba ta faɗi ba.