Raddi ga masu cewa kowane reshen direbobi ya yi ta kansa a rabon motoci

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, sana'ar tuƙi ta shiga ƙunci. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kayan gyara suka bi sahu, direbobi da yawa suka kasa tayar da motocinsu suka koma neman ta wani. A wannan hali ne wani ra'ayi ya samu kasuwa a tashoshin Gusau, Tsafe da Bungudu: wai idan attajiri ko wata hukuma ta sayo motocin haya za ta raba, kowane reshen ƙungiya ya je ya yi cinikinsa shi kaɗai. Reshen da ya yarda da balas mafi tsada ya kwashe motocin, wanda ya tsaya jiran 'yan'uwa ya yi kuka da kansa. Hujjojin masu wannan ra'ayi huɗu ne, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: mota ta mai ita ce, ya ba wanda ya ga dama, tunda an yi yardar juna.

Babu mai jayayya da ikon mutum a kan dukiyarsa. To amma idon direba da bayansa da barcinsa, su kuma na wa ne? A kansu ƙungiya take magana. Masu motoci suna da NARTO da RTEAN, inda suke zama su daidaita bakinsu. Direbobi suna da NURTW tun 1978, a ƙarƙashin inuwar NLC. Wanda ya halatta wa masu mota zama tare, da wane dalili zai haramta wa direbobi?

Batun yardar juna kuwa, fiƙihu bai tsaya nan ba. Sanannen hukunci ne cewa ba a shiga cinikin ɗan'uwa bayan ɓangarorin biyu sun karkata ga juna. A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo labarin Sayyidina Umar da Haɗib ɗan Abi Balta'a, wanda yake sayar da zabibi a ƙasa da farashin kasuwa, Umar ya ba shi zaɓi tsakanin ya ɗaga farashi ko ya bar kasuwar. Malamai sun yi saɓani a kan fahimtar labarin, har Imamu Shafi'i ya ruwaito cewa Umar ya sassauta daga baya. Ko da haka, labarin ya nuna magabata sun ɗauki karya farashi da ke cutar da abokan sana'a a matsayin abin dubawa. Jiharmu da ta rungumi shari'a tun shekarar 2000 bai dace ta rage ta zuwa kalmar "ai ya yarda" ba.

Hujja ta biyu: yunwa ba ta jiran taro, reshen da ya ƙi karɓa wani zai karɓe.

Wannan ce mafi ƙarfi, zan ma ƙara musu da shaidar da ta fi tasu. A Amurka manyan kamfanonin jirage suna ba ƙananan kamfanoni aikin jigilar garuruwan kusa, su kuma raba musu jirage. American Airlines yana da irin waɗannan 'ya'ya, ciki har da Envoy da PSA, matuƙansu duka 'yan ƙungiya ɗaya ne, ALPA, amma kowane reshe da yarjejeniyarsa. A 2013 matuƙan PSA suka yarda a taƙaita musu ƙarin albashi, aka saka musu da sababbin jirage 30. A watan Maris na 2014 aka kai wa matuƙan Envoy irin wannan tayi, suka ƙi. Kamfanin ya ba wani daban wasu daga cikin sababbin jiragen da ya yi musu kwaɗayinsu, ya kuma sanar zai kwashe jirage 47 daga hannunsu ya miƙa wa PSA. Kafin shekarar ta fita, matuƙan Envoy sun sa hannu.

Mai wancan ra'ayi zai ce, ka gani? Na gani. Amma me ya karya Envoy? Ƙin da suka yi, ko karɓar da ɗan'uwansu ya riga ya yi? Da rassan nan sun tsayar da ƙasan albashi guda tun farko, da kamfanin bai samu inda zai kai jiragen ba, domin jirgi ba ya tuƙa kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Comair, wani ƙaramin kamfanin jirage irin waɗannan, ya ƙara fito da wannan. A 2001 matuƙansa suka yi yajin aiki na kwana 89, suka samu ƙarin albashi. Su kaɗai suka yi shi. Uwar kamfanin, Delta, ta ɗauki darasi, ta warwatsa aikin a hannun kamfanoni da dama yadda yajin reshe guda ba zai sake tsayar da ita ba, aka riƙa rage wa Comair jirage har aka rufe shi a Satumbar 2012. Reshe ɗaya ko ya yi jarumta, ana kewaye shi. Wanda kuma ya ci riba da arha bai mallaki komai ba: abin da ya kawo masa jirgi shi ne zai ɗauke shi ranar da aka samu wanda ya fi shi arha. Idan yau reshen Tsafe ya karɓi motoci da balas ɗin da Gusau ta ƙi, gobe za a nuna wa Tsafe abin da Bungudu ta yarda da shi. Ƙarshen wannan tsere a Amurka shi ne matasa suka guje wa aikin, har a 2022 American Airlines ya ajiye ƙananan jirage kusan 100 a ƙasa saboda rashin matuƙa, ya koma yana biyan albashin da a da ya ce ba zai iya ba.

Hujja ta uku: gasa tana sauƙaƙa wa fasinja.

Gasa tsakanin masu mota a kan kyawun mota da kuɗin kujera tana amfanar fasinja. Gasa tsakanin direbobi a kan wa zai fi matse kansa, fasinja ne ke biyan ta da jininsa. A duba direban da aka ɗora wa balas ɗin da ya fi ƙarfin hanya. Da asuba ya shigo tasha, ɗan kamasho ya duba layi ya ce da saura mota huɗu a gabansa. Ya fita bakin titi yana tsintar fasinja, ya cusa biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Tayar da ta suɗe ya ce sai wani mako. La'asar sakaliya ta same shi a Funtua, hankali ya ce ya kwana, lissafin aljihu ya ce balas bai cika ba. Sai ya yi lodi ya shigo Yankara, Wanzamai da Kucheri da magariba, wuraren da kowa ya san yadda 'yan bindiga suka addabe su. Wace rahusa fasinjan wannan mota ya samu?

A sama ma haka take. Ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Masu bincike sun ɗora musabbabin a kan kuskuren kyaftin, amma sun bankaɗo cewa mataimakiyarsa, mai albashin kusan dala 16,000 a shekara, ta kwana tana tafiya daga Seattle zuwa wurin aiki. Bayan haka aka tsaurara doka a kan awannin gogewa da na hutun matuƙa. Sai da aka binne mutane aka yarda cewa hutun mai tuƙi haƙƙin fasinja ne.

Hujja ta huɗu: ƙungiyar ta lalace, ba ta da aiki sai yankar tikiti.

A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Direban da ke biyan tikiti kullum yana da haƙƙin ya san inda kuɗin suke tafiya, ya kuma ga amfaninsu ranar da ya yi hatsari ko aka sace shi a hanya. Amma a dubi inda aka gwada ture ƙungiyar. Gwamnatin Oyo ta haramta NURTW a 2019, Legas ta dakatar da ita a tashoshinta a 2022, kowacce ta naɗa kwamitin kula da tasha. Karɓar kuɗi bai tsaya ba, hannun mai karɓa ne ya sauya, kuma sabon hannun ba direba ya zaɓe shi ba. A ɗaya gefen, ma'aikatan Nigeria Airways kusan dubu shida da aka watsar bayan rushe kamfanin sun yi shekaru fiye da goma suna bin haƙƙinsu a dunƙule, har a 2018 gwamnatin Buhari ta amince ta saki sama da naira biliyan 22. Da ɗai-ɗai suka riƙa zuwa Abuja, da ko ƙofa ba a buɗe musu ba. Maganin shugaban da ya ci amana shi ne zaɓe da binciken asusu.

Abin da nake kira gare shi a fili yake. Shugabannin rassan Gusau, Tsafe da Bungudu su zauna kafin motocin su iso, su rubuta iyakar balas da babu reshen da zai haura ta, a danganta ta da farashin mai. Su rubuta lokacin da za a rufe lodi a hanyar Funtua da ta Sakkwato, da wanda zai ɗauki gyaran inji da taya, da abin da iyalin direba za su samu idan tsautsayi ya faɗa. Rabon motoci ya bi yawan direbobi da tsawon jiransu a rajista, a karanta sunayen a bainar jama'a. Duk tayin da aka kai wa reshe guda a ɓoye, ya kawo shi gaban sauran biyun.

Maganar ba ta tsaya a tasha ba. A watan Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da ginin filin jirgin sama na Gusau, kuma 'ya'yanmu da za su shiga aikin jirgi, matuƙa da injiniyoyi a ƙarƙashin ƙungiyar NAAPE, za su tarar da wannan dabara ta nuna wa ma'aikaci ɗan'uwansa mai arha. Ya ku shugabannin direbobi, mai mota yana da lokacin jira, amma motarsa ba ta kawo ko sisi tana ajiye. Wannan shi ne ƙarfinku, kuma yana nan muddin babu reshen da ya sayar da shi shi kaɗai. Allah Ya tsare hanya, Ya haɗa kawunanku a kan gaskiya.