Gishiri da ƙanƙara: sanin hali ya fi sanin kama

Ƙasar Damargu ta san gishiri tun kaka da kakanni, domin ayarin Abzinawa kan sauke kantun Bilma a nan su yi lodin hatsi. Amma akwai wani halin gishiri da ya kamata mai sayar da ƙanƙara a Ollelewa ya sani, tun ba lokacin bazara ba.

Ruwa tsantsa yana daskarewa a digiri 0. In gishiri ya narke cikinsa, sai ya hana ƙwayoyin ruwan haɗuwa da wuri, dole sanyi ya ƙaru kafin ya daskare. Ruwan teku, mai gishiri wajen garam 35 a lita, sai ya kusa digiri 2 ƙasa da sifiri. Ruwan da gishiri ya kai kashi 23 cikin ɗari na nauyinsa kuwa, sai digiri 21 ƙasa da sifiri. Shi ya sa a Faransa ake watsa gishiri bisa hanyoyin mota lokacin hunturu. Sukari ma haka yake, ko da yake bai kai gishiri ƙarfi ba. Don haka ledar zoɓo ba ta daskarewa da wuri kamar ta ruwa.

To, ga inda riba da hasara suke. Wanda ya barbaɗa gishiri bisa ƙanƙara zai ga ta fi sanyi, lemonsa ya yi sanyi nan da nan, amma narkewa take yi da gaggawa. Wanda ya sayo ta daga Tanut yana son ta kai faɗuwar rana, ya nisanta ta da gishiri, ya rufe ta da buhu da ƙaiƙayi, ya aje a inuwa.

Ma'aikatan kiwon lafiya kuma su kiyaye. Alluran rigakafi ana aje su tsakanin digiri 2 da 8, wasu kuwa, kamar ta tetanos, suna lalacewa in sun daskare. Ƙanƙara mai gishiri cikin akwatin allura tana iya kashe maganin ba tare da kowa ya lura ba, a yi wa yaro allura ta banza.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.