Kwarin Rhone da Tafkinsa: Shin Hausa Ba Za Ta Iya Faɗa Ba?

Masu iya magana kan ce, abin da baki bai saba faɗa ba, nauyi yake yi wa harshe. Wasu ɗalibai na ganin Hausa ta iya zancen noma da sarauta, amma da an zo kan labarin ƙasar Turai sai a koma Turanci. Ni ban yarda ba. Bari mu gwada da kwarin kogin Rhone da ke tsaunukan Alps, a jihar Valais ta ƙasar Suwizalan.

A can saman tsaunukan, dusar ƙanƙara takan zuba shekara da shekaru ba ta gama narkewa ba. Ta sama ta danne ta ƙasa, har ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta kuma ya sa ta riƙa gangarawa sannu a hankali. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, wannan ƙanƙara ta cika kwarin baki ɗaya. Tana tafiya tana kankare duwatsu, shi ya sa gindin kwarin ya yi faɗi, gefunansa suka miƙe tsaye kamar cikin kwale-kwale. Da ta narke ta ja baya, sai ruwa ya cika ramin da ta rarake. Wannan shi ne tafkin Jeneba, mai faɗin murabba'in kilomita 580 da zurfin mita 310, wanda Suwizalan da Faransa suka raba. Daga nan kogin yake ratsa Faransa ya faɗa Bahar Rum.

To, ya ɗan'uwa mai karatu, ga shi mun faɗa da Hausa. Matsalar tana wajen suna. Kalmar "ƙanƙara" ita kaɗai muke ɗora wa wadda ke faɗowa da damina, da ta cikin firiji, da wannan da ke sassaƙa tsauni. Wasu kan ce "dutsen ƙanƙara". A ganina "kogin ƙanƙara" ya fi dacewa, domin dutse a kafe yake, ita kuwa tafiya take yi, kuma tafiyar ce ta haifi kwarin da tafkin. Tsakuwa da duwatsun da take zubarwa a bakinta kuma sai mu kira su "jujin kogin ƙanƙara".

Wani zai ce, mene ne namu a ciki, mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba? Amsa ita ce, labarin yana iso mana ko mun so ko mun ƙi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na jikinsu saboda ɗumamar yanayi. Ranar 28 ga Mayu, 2025, kogin ƙanƙara na Birch ya rufto ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten a jihar ta Valais, ya toshe kogin Lonza, ruwa ya taru ya zama sabon tafki. An riga an kwashe mazauna ƙauyen kusan 300 kwanaki kafin nan, amma mutum ɗaya ya rasa ransa. Mai fassara labarai da ba shi da kalma, yaya zai bayyana wa manomi a rediyo abin da ya faru, da alaƙarsa da sauyin yanayin da shi ma yake gani a gonarsa?

Magabatanmu sun nuna hanya. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin nazarin harshe da adabi. Labarin ƙasa ma yana buƙatar irin wannan gata. Shawarata ita ce, kowane aji ya ɗauki fanni guda, ya zauna da ɗaliban sashen labarin ƙasa, a fahimci abu tukuna sannan a raɗa masa suna, a kuma gwada sunan a kunnen waɗanda ba su yi boko ba. In sun gane, kalma ta zauna. In ba su gane ba, a sake lale.

Aikin namu ne, ba na wani ba. Allah ya sa mu dace, amin.